Kafin ki ƙara mata insulin, ki auna ta da tsakar rana

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba ta lafiya. Kin ce kyanwarki mai ciwon suga tana karɓar allurar insulin ta Lantus yunit 2 safe da dare, yau kwana tara, amma kullum da safe na'urar awon suga tana nuna miki 380 zuwa 400, shi ne kike tambaya ko ki mayar da shi yunit 4. Don Allah ki dakata tukuna. Shekara uku na yi ina yi wa muzuruna wannan allurar, kuma a daidai wannan gaɓar na kusa rasa shi.

Awon da kike yi da safe kina yin sa ne lokacin da allurar daren jiya ta gama aikinta, dole ki ga suga a sama. Abin da ake dubawa kafin a taɓa yawan maganin shi ne inda sugan yake sauka a tsakiyar awa 12 ɗin nan, lokacin da maganin yake kan ganiyarsa. Ni ban san haka ba a lokacin. Na ga 400, hankalina ya tashi, na ƙara masa yunit guda da kaina. Washegari sai na ga 450. Ana kwana uku na dawo da rana na tarar da shi yana tangaɗi, ƙwayar idonsa ta buɗe, yana kallona kamar bai san ni ba. Hannuna na rawa na huda kunnensa na auna jininsa, na'ura ta nuna 48. Zuma na lakato da yatsa na goga masa a dasashi, na sure shi sai wurin likitan dabbobi.

A can likita ya warware min. Idan suga ya faɗi warwas, jiki yakan tsorata, hanta ta saki sugan da ta ajiye, sai gari ya waye da lamba mai firgitarwa. Mai jinya ya ɗauka magani ne ya yi kaɗan, alhali yawa ya yi. Da aka rage wa nawa zuwa yunit 1, lambar safen ma sauka ta yi. Ban ce lallai haka ne ga taki ba, tana iya yiwuwa ƙarin take buƙata da gaske. Awon wuni guda ne zai raba gardama.

Ki zaɓi ranar da kike gida. Ki auna kafin allurar safe, sannan duk bayan awa 2 har lokacin allurar dare, kina rubuta lokaci da lamba da abin da ta ci. Wannan takardar za ki kai wa likita. Ko da zai ƙara, galibi rabin yunit ake ƙarawa, a jira kwana 5 zuwa 7 kafin a sake taɓawa, domin Lantus sai a hankali yake zama a jiki. Tsalle daga 2 zuwa 4 kuwa ganganci ne. Sugan lafiyayyar kyanwa yana tsakanin 80 da 120, amma ba a nan ake son kai mai ciwo da gaggawa ba. Idan na'urarki da mmol take ƙidaya, ki ninka da 18 ki samu irin waɗannan lambobin.

Maganar huda kunne, na san ita ce ke sa mutane kasala. Sirrin shi ne ɗumi. Ki murza kunnen a tsakanin yatsunki ko ki ɗora tsumma mai ɗumi kamar minti guda, ki tara auduga ta ciki, ki huda can gefen kunnen inda wata siririyar jijiya ta bi. Ɗigo ɗaya ya isa tsinken gwaji. Ki danne wurin kaɗan don kada jini ya taru, sannan ki ba ta abin da take so. Nawa bayan sati biyu da kansa yake hawowa cinyata in ya ji ƙarar buɗe robar tsinken. Awon gida ya ma fi na asibiti faɗin gaskiya, saboda tsoro kaɗai yana ɗaga sugan kyanwa. Sai dai na'urar mutane takan nuna ƙasa da ainihin lambar, irin su AlphaTrak ne aka daidaita don dabbobi. Kowacce kike da ita, ki tsaya a kanta, ki kuma gaya wa likita sunanta.

Ki duba sirinjinki yau ɗin nan. Lantus U-100 ne, wato yunit 100 a kowace mililita, sauran insulin irin su ProZinc da Caninsulin kuma U-40, wato yunit 40. In kika zuƙi Lantus da sirinjin U-40, kin ba ta ninki biyu da rabi na abin da kike nufi. In kuma kin yi allura kika ji gashinta ya jiƙe, kada ki sake, ki bari sai lokaci na gaba, domin ba ki san nawa ya shiga ba.

Abinci ma yana da hannu sosai. Da na mayar da nawa kan abinci mai laima, mai yawan nama da ƙarancin sitaci, buƙatarsa ta insulin ta ragu cikin kwanaki. Wasu kyanwoyin har daina allura suke yi gaba ɗaya. Shi ya sa ba a canja abinci sai ana awo, da sanin likita.

Ranar da ta ƙi cin abinci, ko tana amai, ko ta kwanta lakwas, kada ki jira gari ya waye, ki kira likita kafin ki yi mata allura, a duba fitsarinta ko akwai sinadarin kiton, wanda ke nuna ciwon sugan ya tsananta. Zuma kuma ta zauna kusa da na'urar, saboda ranar da suga ya faɗi. In ta suma, a dasashi kawai za ki shafa, kada ki ɗura mata a baki. In kin yi awon wunin, ki turo lambobin mu duba tare kafin ki je wurin likitan.