Tsatso, salsala da maganar barewa a kan George Washington

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ya ce ya karanta cewa Janar George Washington na Amurka jinin sarakunan Ingila ne, shin daidai ne a ce "daga tsatson Sarki Edward na Uku ya fito", kuma za a iya buga masa karin maganar nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe?

To ɗan'uwa, tsatso dai asalinsa ƙugu ne, ƙasan bayan mutum, shi ya sa in Bahaushe ya ce wane tsatson wane ne hankali ya fi tafiya wajen uba da kakan uba. Salsala kuwa daga Larabci muka aro ta, silsila, wato sarƙa, kana bi awarwaro bayan awarwaro ko ta mace ko ta namiji har ka kai inda za ka.

Shi Washington ta mata sarƙarsa ta bi. Kakarsa ta wajen uba Mildred Warner jikar Kanar George Reade ce, shi kuma Reade ta wajen mahaifiyarsa 'yar gidan Windebank ake haɗa shi da gidan Dymoke, daga nan a yi ta hawa har a kai Edward na Uku da ya yi sarauta daga 1327 zuwa 1377. Gidan ubansa kuwa masu gonaki ne na ƙauyen Sulgrave a Ingila, kakan ubansa John Washington ne ya ƙetara Virginia ta Amurka wajen 1657. Ka ga kenan salsala ce kalmar da ta dace. A nan gida ma ɗan gimbiya ana ce masa jinin sarauta, amma galibi ba a sa shi layin masu jiran gado.

Maganar barewa kuwa gaskiya ban yarda ba, kuma abin yana damuna yadda muke jefa karin magana ko'ina. Barewa da ɗanta ake nufi, ɗan da ya buɗe ido ya ga gudun uwarsa. Tsakanin mutuwar Edward da haihuwar Washington a 1732 shekara 355 ce fa! Washington yana ɗan shekara 11 ubansa Augustine ya rasu, da aikin awon filaye ya fara neman abinci, sannan rundunar da ya jagoranta daga 1775 zuwa 1783 da sojojin Sarki George na Uku na Ingila ta gwabza. In za ka rubuta, ka ce salsalarsa na tuƙewa ga Edward na Uku ta wajen kakarsa, ka tsaya nan.