Motar da aka yi wa gyare-gyare, wane aji za ta shiga a tseren autocross?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma na sayi Mazda Miata ƙirar 1999 a hannun wani. Kafin ya sayar mini ya riga ya sa mata gajerun sifirin da suka sauke ta ƙasa, ya canza bututun da injin ke shaƙar iska, ya kuma ɗaura mata faffaɗan rim. Ina so in fara shiga tseren autocross, wato wanda mota ɗaya-ɗaya ke bi tsakanin robobi ana auna mata lokaci, na ƙungiyar wasan motoci ta Amurka da ake kira SCCA, amma fom ɗin rajista yana tambayar ajin mota. Wani ya ce in rubuta ES tunda Miata ce. Haka ne? Kuma idan na sa mata turbo nan gaba, ina zan faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ce maka ES, wato E Street, ya faɗi ajin motar kamar yadda ta fito daga kamfani, amma taka ta riga ta bar wannan ajin. Kowanne ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ka lissafa ya isa ya fitar da ita. Rukunin da ya dace da ita yanzu shi ne Street Touring, muddin faɗin rim ɗin bai wuce iyakar da aka yanka wa ajinta ba, kuma babu wani gyara a ɓoye da ba ka sani ba.

Dokar da komai ya ratayu a kanta ita ce: duk gyaran da littafin ƙa'idojin SCCA bai ce an yarda da shi ba, to an hana shi. Sababbin shiga sukan juya maganar, su ce ai ba a rubuta an hana ba. Ba haka ake karanta littafin ba. Kuma ba a duba ko gyaran ya ƙara wa motar gudu. Gyara ɗaya tak, ko da bai amfane ka da komai ba, yana ɗaga motar gaba ɗaya zuwa rukunin farko da ya halatta shi.

Aji yana fitowa ne daga abu biyu. Na farko yawan gyara, shi ke ba ka rukuni: Street, Street Touring, Street Prepared, Street Modified, Prepared, sai Modified, kuma suna jere a sashe na 13 zuwa na 18 na littafin. Na biyu irin motar, wanda za ka nemo a jerin motocin da ke Appendix A a ƙarshen littafin. Shi ya sa Miata ta 1999 take ES, Mustang GT take FS, alhali duk rukuninsu ɗaya, wato Street.

A rukunin Street abin da aka ba ka kaɗan ne, amma yana da amfani ƙwarai. Taya dole lambar TREADWEAR da ke rubuce a gefenta, mai nuna jimirinta kafin ta cinye, ta kai 200 ko ta fi. Za ka iya canza rim, amma faɗinsa ya zama daidai da na asali. Tsayinsa kuwa an yarda ya ƙaru ko ya ragu da inci 1, zamansa a kan hob kada ya gusa ciki ko waje fiye da milimita 7. Wato idan na kamfani faɗin inci 6 ne ka sa mai inci 7, ka fita. An yarda ka canza shakazoba, amma sifirin na kamfani ne zai zauna, kuma mazauninsa ba ya gusawa. An ba ka sitabilaiza ɗaya, ta gaba ko ta baya, ka canza ko ka cire, ba duka biyun ba. Salansa za ka iya canzawa daga bayan katalis, wato matacin hayaƙin da makanikanmu ke kira indomi, zuwa ƙarshe. Filtar iska ana canza ta a cikin akwatinta na asali, akwatin da bututun kuwa ba a taɓa su. Fatar birki kowace iri ce an yarda. Ƙwaƙwalwar injin ba a sake mata shiri.

Street Touring shi ne inda aka buɗe ƙofar ƙafafun mota. A nan gajerun sifirin sun halatta, da sitabilaiza biyu, da kayan karkata taya ciki don ta kama ƙasa a kwana, da bututun iska, da sake shirin ƙwaƙwalwar injin. Taya tana nan a 200. Abu biyu ne suka fi kayar da mutane a wannan rukunin: faɗin rim da taya, don kowane aji da iyakarsa, sai kuma katalis. Za ka iya musanya shi da wanda hayaƙi ya fi saurin ratsawa, bisa sharuɗɗan littafin, amma idan an cire shi ɗungurungum an liƙa bututu a gurbinsa, motar ta tsallaka Street Prepared, inda abokan karawarka ke kan tayoyin tsere masu laushi irin Hoosier A7. Da tayar titi ba za ka kama ƙurarsu ba.

Saboda haka kafin ka cike fom, a ɗaga motar a duba ta da fitila. Tsohuwar Miata ta ratsa hannaye da yawa, kuma mai sayarwa yakan faɗi abin da ido ke gani ne kawai. A duba ko katalis yana nan, a karanta lambar faɗin rim da ke bayansa, a ga ko bushin ɗin roba ne na asali ko an musanya su, a leƙa ko an ɗaura ƙarfen da ke haɗa kawunan shakazoba a ƙarƙashin bonet. Wannan ƙarfen ba ya halatta a Street sai idan da shi motar ta zo daga kamfani. Haka cire kafet ko kujera don rage nauyi, shi ma yana jefa mota zuwa rukunin da ke can gaba nesa.

Maganar turbo kuwa, Miata ta 1999 ba da shi ta fito ba, don haka ɗaura shi zai wuce da kai Street Touring da Street Prepared duka, ya kai ka Street Modified, ajin motoci masu kujera biyu da ake kira SSM, inda motocin an gina su ne musamman don wannan wasa. Akwai kuma rukunin Xtreme Street da aka yi don motocin titi masu gyara da yawa a kan taya 200, shi ya fi sauƙi ga irin wannan mota. A ganina ka ajiye batun turbo tukuna. Hanyar autocross robobi ne masu tsini aka jera a babban filin ajiye motoci ko filin jirgi, zagaye ɗaya bai fi kamar minti guda ba, kuma yawancinsa a giya ta biyu ake yi. Ƙarfin injin ba shi ke raba gardama ba. Kowace roba an zana mata akwati da alli a gindinta; ka kayar da ita ko ka ture ta waje da zanen, daƙiƙa 2 ta hau kanka, amma idan ta tsaya a tsaye tana taɓa layin, ka tsira. Roba ɗaya ta isa ta cinye ribar da turbo zai ba ka.

Zaɓinka biyu ne. Ko ka nemi sifirin, akwatin iska da rim na asali, waɗanda ake samu na hannu da araha saboda yawan Miata, ka koma ES. Ko ka bar ta yadda take ka shiga Street Touring, da sanin cewa waɗanda ke kan gaba sun yi duk gyaran da aka halatta. Na fi karkata ga komawa ES, domin kuɗin da ya rage sai ya tafi kan taya mai kyau irin Bridgestone Potenza RE-71RS ko Falken Azenis RT660, da alaimen, da kuɗin rajista.

Don fitowar farko, yawancin rassan SCCA suna da ajin sababbin shiga, kuma sukan daidaita lokuta da ma'aunin PAX, wato a ninka lokacinka da lambar ajinka don a gwada motoci mabambanta. A nan ma rubuta ajin gaskiya yana da muhimmanci, don lambar ES ta fi ta Street Touring rangwame. Ka sani masu binciken mota da safe lafiya suke dubawa: batir a ɗaure, notocin taya cif, birki yana kamawa, babu yoyon mai, an cire tabarmar ƙasa, hular kwano mai tambarin da aka yarda da shi. Ba aikinsu ba ne su tantance maka aji, wannan nauyin direba ne, kuma abokin karawa yana da damar shigar da ƙorafi. Ka sauke littafin shekarar da ake ciki daga shafin SCCA, domin ana sauya wa motoci aji, har sunayen azuzuwan ma sukan canza, sannan ka tura wa shugaban autocross na reshenku jerin gyare-gyaren motar kafin ranar tsere.