Kun Tambaya, Mun Amsa: Shiga Tseren Rabin Fanfalaki a Titunan Birni

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni magidanci ne mai shekara 38, na saba gudun kilomita 10 sau biyu a mako, ina gamawa cikin sa'a ɗaya da minti biyar. Na yi rajistar tseren rabin fanfalaki da za a yi nan da wata uku. Shin lokacin zai ishe ni shiri, kuma yaya zan raba ƙarfina a ranar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wata uku ya ishi wanda ya saba da kilomita 10, muddin bai sa wa kansa gaggawa ba. Nisan tseren kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, wato rabin kilomita 42.195 na cikakken fanfalaki. Ka mayar da gudunka sau uku ko huɗu a mako, ka ware rana ɗaya ta dogon gudu, kana ƙara kilomita ɗaya ko ɗaya da rabi kowane mako har ka kai 17 ko 18 saura mako biyu a yi tseren. Wannan dogon gudu a hankali ake yin sa, yadda za ka iya magana da abokin gudunka ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba, domin zuciya da huhu sun fi jijiyoyi da ƙasusuwa saurin sabawa da wahala, kuma yawancin ciwon gwiwa da na ƙwauri daga nan suke faruwa: mutum ya ji numfashinsa ya yi daidai, sai ya ɗora wa ƙafafunsa abin da ba su kai ɗauka ba. A kwana goman ƙarshe ka rage nisa sosai, jiki ya huta. Idan kana da hawan jini, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri a lokacin gudu, ka ga likita kafin ka ƙara ko da taku ɗaya.

Rabon ƙarfi kuwa shi ne abin da na fi so ka riƙe, domin a nan ne masu shiri mai kyau suke ɓata tserensu. Da safiyar ranar za ka tsinci kanka cikin dubban mutane, kafaɗa da kafaɗa, ga kiɗa, ga mai sanarwa yana ta zuga jama'a, ga ƙafafunka sun huta. Da an tashi, kowa zai zabura, kai ma za ka ji kamar ba ka taka ƙasa. Kilomita uku na farko ba sa nuna gajiya ko kaɗan, amma duk daƙiƙar da ka ciwo bashi a cikinsu sai ka biya ta bayan kilomita 15, lokacin da sukarin da jiki ya adana a tsoka ya fara ja baya, cinyoyi suka yi nauyi, ga kuma rana ta ɗaga.

Ga lissafin. Wanda ke son gamawa cikin sa'a biyu sai ya riƙa cin kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41. Kai da ka ambaci naka lokacin, ina ganin sa'a biyu da rabi ce ta dace da karonka na farko, wato kimanin minti 7 da daƙiƙa 7 a kowace kilomita. Zai yi maka kamar jan ƙafa, za ka ga waɗanda ka girme su da waɗanda suka girme ka suna wuce ka, to ka ƙyale su. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ka kai kilomita 16 da sauran ƙarfinka, sai ka ƙara wuta. Manyan tseruka sukan sa masu jan gudu, riƙe da tuta mai ɗauke da lokacin da za su gama, kuma bin ɗaya daga cikinsu ya fi maka sauƙi a kan yawan duba agogo. Kada ka matsa sai ka tsaya a sahun gaba, wurin gwanaye ne irin su Letesenbet Gidey ta Habasha, wadda ta gama wannan nisa cikin sa'a 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a birnin Balensiya na ƙasar Sifaniya a 2021. Ƙaramar na'urar da ke manne da lambar ƙirjinka ba ta fara ƙirga lokacinka sai ka taka layin farawa. A tseren Great North Run na Ingila, wanda ake yi tun 1981 daga Newcastle zuwa South Shields, na baya sukan daɗe sosai kafin su iso layin, kuma ba a cutar da kowa a lissafi.

Tambaya: Malam, a tserena na farko tsoron ƙishirwa ya sa na sha kofi biyu a kowane wurin ba da ruwa. Na gama da kumburin ciki da ciwon kai. Me ya jawo haka?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Mai yiwuwa ruwan ne ya yi yawa. Gumi yana fita da gishiri, idan kuma aka yi ta ɗura ruwa zalla fiye da abin da ya fita, gishirin jini yana tsinkewa, abin da kan kawo ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa, wani lokaci har ya kai ga asibiti. Masu gudu a hankali sun fi faɗawa wannan hali, saboda sun fi daɗewa a hanya suna sha. Ki sha idan kin ji ƙishi, kurɓa biyu ko uku, kuma tunda gudunki ya haura sa'a ɗaya, ki haɗa da abin sha mai sukari da gishiri wanda kika riga kika gwada a atisaye. Ranar tsere ba a gwada sabon abu, ko na ci, ko takalmi, ko safa. Idan ciwon kan ya zo da ruɗewa ko amai, ki nufi tantin likitoci nan take.

Tambaya: Agogona ya nuna na yi kilomita 21.4. Ko masu shirya tseren sun tsawaita hanyar?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Hanyar da aka tantance da keke ake auna ta, mai ɗauke da na'urar ƙirga juyawar taya, ana bin layi mafi gajarta da mai gudu zai iya bi a kowace kwana, sannan a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don kada hanyar ta gaza. Kai kuwa ka yi ta kauce wa mutane, ka ratse wurin ruwa, ka ɗauki kwana da faɗi. Ga shi kuma dogayen gine-gine suna rikita saƙon tauraron ɗan'adam da agogon yake dogaro da shi. A karo na gaba ka riƙa danna agogon da hannunka a duk allon kilomita da ka wuce, ka yi lissafinka da allunan hanya.