Yadda Za Ki Biya Mai Nemo Miki Kwangila

Hajiya, kin tambayi yadda za ki biya wanda zai riƙa nemo wa ƙaramin kamfaninki na shara da goge-goge kwangila a Garwa ta ƙasar Kamaru. Kada ki bar shi da kamasho kaɗai, domin shawo kan otal yakan ɗauki watanni, alhali kuɗin mashin kullum daga aljihunsa yake fita. Ki yanka masa albashi, wanda tun 2023 doka ta hana ya gaza sefa 60,000 a wata, ki yi masa rajista a CNPS, wato hukumar inshora da fansho ta ma'aikata, kamasho kuma sai ranar da kuɗin kwastoma suka shigo hannunki. Ni dai na fi son wanda ya taɓa riƙe tsintsiya, saboda in ya ga tayil da ƙurar hunturu ta rufe, ya san awa nawa aikin zai ci kafin ya faɗi farashi.