Wayar cajin mota mai lantarki ce ta lalace ko cajar?

Tambaya: Ina da cajar mota mai lantarki a bangon gida. Kwanan nan in na soka filogi sai fitilarta ta koma ja, wani lokacin ma caji ya fara ya tsaya. In sayi sabuwar wayar caji ne, wato kebul ɗin da ke haɗa mota da caja, ko cajar ce ta mutu?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fara da duba manhajar cajar da ta motar, domin da yawa kan saita caji ya fara da tsakar dare su manta, sai su ɗora wa waya laifi. In ba haka ba ne, ari wayar wani ka gwada, ko ka kai taka wata cajar daban. Idan matsalar ta bi wayar, ka kama ɓarawonka.

Sannan ka kashe wutar cajar, ka haska cikin filogin da tocila. Nau'in filogin cajin mota da ake kira Type 2 ramuka bakwai gare shi, biyu daga ciki ƙanana ne. Waɗannan ƙananan ba su ɗaukar wutar caji, ta nan mota da caja ke gaisawa: ɗaya na shaida an soka waya da kuma ƙarfin da za ta iya ɗauka, ɗayan na ba da izinin sakin wuta. Ɗan ƙura, danshi ko tsatsa a can ya isa ya hana komai tafiya. Siririn zaren da ke ɗauke da wannan saƙo kuma yakan tsinke a ciki, galibi daf da wuyan filogi inda ake yawan lanƙwasawa, alhali fatar waje lafiya lau. Alamarsa, caji ya yanke da zarar ka motsa wayar.

Amma in ka ga baƙi-baƙin ƙuna, roba ta narke, ko jan ƙarfe ya leƙo, kada ka naɗe da salatif. Wayar da ke ɗaukar amfiya 32 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne) dare guda cur ba a yi mata faci. In mai cirewa ce ka sauya ta, in kuma haɗe take da cajar, aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Nemo takardar garanti kafin kowa ya kwance sukuru.

Tambaya: Wace irin waya zan saya, kuma zan iya haɗa biyu don tsawo?

Hajiya, haɗawa kam a'a, sayi doguwa guda ɗaya. Ki lura da amfiya: caja mai ƙarfin kilowat 7.4 tana son waya mai amfiya 32. In kika sa mai 16 ko 20 za ta yi aiki, sai dai cajin zai ja da baya sosai, har ki zaci wani abu ya lalace. Ni dai mai 32 nake zaɓa ko da ta fi nauyi a hannu. Kuma ki warware ta kafin caji, don naɗaɗɗiyar waya takan tara zafi.