Daga Reading zuwa Landan: jirgi mai gudu ko mai tsaye-tsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya samu aiki a garin Reading na Ingila, can za mu kama haya. Ni kuma kwana uku a mako zan riƙa zuwa aiki Landan, kusa da tashar Whitechapel. An ce mini akwai jirgin ƙasa mai sauri, akwai kuma na layin Elizabeth. Wanne ya fi dacewa da ni, kuma yaya zan yi don kada kuɗin jirgi ya cinye albashin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sanya alheri a wannan ƙaura. Abu na farko, idan kin je sayen tikiti ki ce "Redin", haka mutanen garin suke kiran sunan.

Tsakanin Reading da tashar Paddington ta Landan kimanin kilomita 58 ne, kuma layukan dogo huɗu ne a jere. Biyu na jirage masu dogon zango ne, biyu na masu tsayawa a ƙananan tashoshi, shi ya sa mai gudu ba ya maƙalewa a bayan mai tsaye-tsaye. Jiragen kamfanin GWR da ke tasowa daga Bristol da Cardiff suna bin layin gudun, suna kai kilomita 200 a awa, kuma da yawansu daga Reading ba sa sake tsayawa sai Paddington. Kusan minti 25 kin iso. Na layin Elizabeth, wanda aka buɗe ɓangarensa da ya ratsa tsakiyar Landan a watan Mayun 2022, shi kuwa yana tsayawa a Twyford da Maidenhead da Slough da Ealing Broadway da wasu tashoshin, sai ya ci kusan minti 55 kafin Paddington. Kowace tsayawa sai an rage gudu, an buɗe ƙofa, an jira mutane, an sake ɗaukar gudu, a nan lokacin yake tafiya.

To amma ke ba Paddington za ki ba. Nan ne mutane da yawa suke kuskuren lissafi, su dubi mintin da aka rubuta a allon tasha su manta da sauran tafiyar. Ki ƙirga daga ƙofar gidanki zuwa ƙofar wurin aiki. Jirgin GWR a Paddington yake ƙarewa. Za ki sauko, ki ratsa cikin jama'a, ki bi matakala mai tafiya da kanta zuwa ƙarƙashin ƙasa, ki jira na Elizabeth, sannan ki yi wasu minti 13 ko kusa da haka zuwa Whitechapel. Duka-duka kusan minti 50. Idan kuwa tun daga Reading kika hau na Elizabeth, zai ratsa ƙarƙashin birnin ta Bond Street da Farringdon da Liverpool Street ya sauke ki a Whitechapel ba tare da canji ba, cikin awa ɗaya da minti goma ko ɗoriya kaɗan. Bambancin ke nan ya dawo kamar minti 20.

Minti 20 ɗin nan ma da wahalarsa. Da safe jirgin GWR yana isowa Reading ne bayan ya kwaso mutanen garuruwan yamma, sau da yawa a cike, sai ki tsinci kanki a tsaye a bakin ƙofa, jaka tsakanin ƙafafu, har Landan. Na Elizabeth kuwa daga Reading yake tasowa, babu kowa a ciki, ke za ki zaɓi kujera. Sai dai ki sani babu banɗaki a cikinsa, wannan abin lura ne ga mai juna biyu ko mai tafiya da yara. Kuma bai kai na GWR yawan tashi ba, idan ya wuce ki jiran na gaba zai iya kai rabin awa a lokacin da babu cunkoso.

Ni dai a ganina, da safe ki hau mai gudu, tunda makara a wurin aiki ba abin wasa ba ce, kuma tsayuwar minti 25 abin jurewa ce ga mai lafiya. Da yamma, idan kin gaji kuma kika ga allon Whitechapel ya nuna jirgin da zai wuce har Reading, ki shige abinki ki zauna. Ki dai duba sunan da kyau, domin wasu Heathrow suka nufa, wasu a Paddington suke tsayawa.

Batun kuɗi kuwa, katin Oyster da ake biyan kuɗin jirgi da bas da shi a Landan ba ya aiki a Reading, iyakarsa a wannan layi West Drayton. Katin banki da ake ɗorawa a ƙofar shiga yana aiki, amma abin da kika taɓa da shi wajen shiga, da shi za ki taɓa wajen fita. Idan kika shiga da kati kika fita da waya, na'urar za ta ɗauke su a matsayin tafiya biyu da ba a kammala ba, a caje ki fiye da ƙima. Kuɗin ya fi tsada a ranakun aiki daga 6:30 zuwa 9:30 na safe, da kuma 4 zuwa 7 na yamma.

Tunda kwana uku kike zuwa, kada ki yi gaggawar sayen tikitin wata. Akwai wanda ake kira Flexi Season, da aka fito da shi a 2021: kwana 8 na tafiya da za ki yi amfani da su cikin kwana 28, duk ranar da kika ga dama. Ke kwana 12 kike buƙata a mako huɗu, don haka ki zauna da biro da takarda ki gwada farashinsa da na tikitin wata da na biyan kullum. Idan shekarunki ba su wuce 30 ba akwai katin rangwame na Railcard mai rage kashi ɗaya cikin uku, sai dai ba a haɗa shi da katin banki, kuma ba ya shafar tikitin wata.

Duk ranar da jirgin GWR ya makarar da ke minti 15 ko fiye, kina da haƙƙin neman a mayar miki da wani ɓangare na kuɗinki ta shafinsu na intanet. Ki riƙa rubuta lokacin da ya kamata ya iso da lokacin da ya iso, kuma ki nema kafin kwana 28 su cika.