Me ya sa shuɗin hotona yake koɗewa in na wanke shi?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Marwa. Na fara koyon buga hoto da hasken rana, wanda ake kira sayanotaif. Nakan shafa maganin a takarda, in ɗora ganye, in shanya a rana, komai ya fito daidai. Amma da na wanke da ruwan rijiyarmu sai shuɗin ya dusashe. Wanda na buga a yadi kuwa, wanki ɗaya da omo ya koma ruwan ɗorawa. Wani ya ce in ɗiga ruwan batir a ciki. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai, ka nisanta ruwan batir daga wannan aiki. Ɗaya daga cikin magunguna biyu da ake haɗawa a yi maganin sayanotaif, fotasiyam ferisayanaid, in ya haɗu da asid mai ƙarfi irin na ruwan batir yana iya sakin iskar sayanaid, kuma guba ce mai kisa. Wanda ya ba ka shawarar ya gane cewa tsami ake nema, amma ya nuna maka hanya mai haɗari.

Tun da Sir John Herschel ya ƙirƙiro wannan hanya a Ingila a 1842, tushenta bai sauya ba. Ana haɗa ferik amoniyam sitiret da fotasiyam ferisayanaid ɗin, rana ta taɓa ƙarfen da ke cikinsu, sai a samu launin da ake kira shuɗin Farusiya. Wannan shuɗi yana jure ɗan tsami, amma ba ya shiri da duk abin da yake da ɗabi'ar kanwa. Da sun haɗu sai ya rushe, ya bar wani ƙarfe mai launin tsatsa. Ruwan ɗorawar da ka gani a yadinka ke nan, domin omo da sabulun wanki duk ɓangaren kanwa suke. Toka ma haka.

A ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, 7 ne tsakiya: ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Abin da kake so shi ne ruwan da ya ɗan gaza 7. Rijiyoyi da burtsatse da yawa suna ɗauke da alli da gishirin ƙasa, su haura 7, kuma in hoto ya daɗe a irin wannan ruwa sai ya yi ta cin shuɗin a hankali. Gwaji mai sauƙi: dafa zoɓo ba sukari, ka ɗiga kaɗan a kofin gilas na ruwan rijiyar. In jan ya dushe ya karkata zuwa shuɗi ko kore, ruwan ne matsalarka. Ɗiga ruwan khal a kai, za ka ga jan ya dawo nan take.

Sai takarda, kuma a nan masu koyo suka fi shan wahala. Yawancin takardun zane masu tsada ana zuba musu alli tun daga masana'anta don kada su lalace da daɗewa. Ga mai fenti wannan alheri ne, ga kai kuwa ɓarna ce. Shafa maganin a ɗan yanki, ka ajiye a duhu ya kwana. Ya kamata ka same shi rawaya mai sirkin kore. In ya yi toka-toka ko ya fara shuɗi alhali bai ga rana ba, takardar tana faɗa da maganin. Jiƙa ta cikin ruwan khal da aka sirka da ruwa, ko hodar sitirik asid, wato sinadarin tsamin lemo, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, har ƙananan kumfa su daina tasowa. Ɗauraye, ka bari ta bushe sarai kafin ka shafa.

Wajen wankin farko, cokali biyu ko uku na farin ruwan khal a lita ɗaya sun isa. Za ka ga shuɗin ya ƙara zurfi, jijiyoyin ganye da a da suke wankewa su tsaya. Amma akwai farashi: in tsamin ya yi yawa, wuraren da ya kamata su fita fari fes sai su ɗauki shuɗi-shuɗi, hoton ya rasa kaifinsa. Ni dai ga hoton ganye nakan rage tsamin don farin ya fito, ga hoton fuska kuwa in ƙara kaɗan saboda inuwar kunci da goshi. Lemun tsami yana aiki, sai dai ka tace shi sosai. Ruwan tsamiya yana rina takarda, bar shi.

In damina ta zo, tari ruwan sama a roba mai tsabta, domin shi da ma yana da ɗan tsami, wajen 5.6. Da shi za ka yi ɗaurayar ƙarshe.

Yadin da omo ya cinye ba zai koma shuɗi ba, amma kada ka yar. Jiƙa shi a baƙin shayi mai kauri, ƙarfen da ya rage zai kama shayin, hoton ya sake bayyana da launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Sabon da za ka buga kuwa, ka riƙa wanke shi da hannu a ruwan sanyi zalla, ka shanya a inuwa.